Zuwanmu Abuja Gwajin Walda Ni da Oga Bitrus

Asuba, daga Makera

Ina idar da sallar asuba na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Oga Bitrus ne, ya taso tun daga Mahuta. Shi ya koya mini walda a Kakuri, nan Kaduna, ina saurayi, kuma ko da na buɗe shagona ban daina ce masa Oga ba. Wani kamfanin ƙasar Kanada ne ke neman ƙwararrun masu walda, mu biyu muka cike takardu, mu biyu kuma aka kira gwaji a Abuja. Wanda ya ci, kamfanin zai tsaya masa ya sami biza, daga baya iyalinsa su bi shi.

Muka bar babur ɗin a gidana, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa tasha. Motar ta cika kafin gari ya waye. Direban, wani mai surutu, ya ga hulunan walda a cinyarmu ya ce, "Yaƙi za ku je ne?"

"Yaƙi da talauci," in ji Oga Bitrus. Mota ta ɗauki dariya.

Kakau zuwa Tafa

Mun wuce Kakau rana na fitowa, manoma na ta shiga gonakin masara da fartanya a kafaɗa. Gab da Rijana sojoji suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya tambayi abin da ke jakata. Da na ce kayan aiki ne, sai ya ce in Allah Ya kai mu Turai kada mu manta da shi. Daga nan hira ta mutu, kowa ya san labarin masu garkuwa da mutane a wannan hanya, sai da muka bar Kateri baya aka ci gaba da magana.

A Tafa muka karya da doya da ƙwai. Nan na faɗa wa Oga abin da ke cina. An ce za a gwada mu a kan bututu da aka kafe a karkace, ni kuwa aikina ƙofofi ne da tagogi da tankunan ruwa. Ya ci gaba da cin doyarsa, can ya ce, "Ci abincinka, Sani. Akwai sauran yini."

Dei-Dei

Daga Zuba muka shiga ƙaramar bas zuwa Dei-Dei, inda surukin Oga ke da shagon ƙarfe, a can kuma za mu kwana. Ko ruwa Oga bai sha ba ya sa aka yanko guntayen bututu. Ya kafe ɗaya, ya miƙo mini sandar walda.

Na yi na farko, ya duba ya ce a yanke. Na biyu ma haka. Ya kama gwiwar hannuna ya manna ta da haƙarƙarina, ya ce, "Kada ka bi wutar da hannu, bi ta da jikinka gaba ɗaya." Da la'asar ta yi shi ya tuna mini, ya sa aka kawo mini buta. Na dawo muka ci gaba har hannuna ya gaji.

Na ce, "Oga, guraben fa kaɗan ne. In ka koya mini duka, ai kujerarka zan ɗauke."

Ya ɗaga hularsa ya dube ni. "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Kuma in suka ga aikinka ya lalace, wa za su ce ya koya maka? Sake wani."

Ranar gwaji

Wurin wata babbar ma'aikata ce a unguwar Idu, cikin Abuja. Mun tarar da masu walda daga Fatakwal da Warri da Legas, wasu da kayan aiki da ban taɓa gani ba. Kowa aka ba shi rumfarsa da bututunsa. Da na kunna wuta sai na ji gwiwar hannuna ta manne da haƙarƙarina da kanta. Na gama, na goge, na fito ina zufa.

Baturen da ke duba aikin ya ɗaga nawa ya juya shi, ya yi alama a takarda, ya wuce. Da ya zo kan na Oga Bitrus kuwa sai ya tsaya. Ya shafa ɗinkin da yatsa, ya kira abokin aikinsa, suka ɗauki hoto. Ɗinkin ya kwanta lumui kamar kitson da aka yi wa amarya. Wani ɗan Warri ya ce da ni, "Wannan babanku ne?" Na ce ƙwarai.

Da yamma aka kira sunayen waɗanda suka ci. Na Oga ne farko, nawa na can kusa da ƙarshe.

Asibiti

Washegari aka kai waɗanda suka ci wani asibiti domin gwajin lafiya: jini, hoton ƙirji, ido. Na fito lafiya lau. Oga ya daɗe a ɗakin likitan ido. Da ya fito ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

"Idon hagu ya kusa tafiya," ya ce. "Na dama ma ya fara. Kamfanin ba zai ɗauka ba."

Ya ce lokacin da suka koyi aiki ba mai ba su gilashi, runtse ido kawai suke yi. Na ce to ni ma na fasa. Ya juyo a fusace, irin fushin da na sani tun ina yaron shago.

"Kada in sake jin wannan. Yini guda na ɓata a kanka a Dei-Dei."

Komawa

Washegari muka kamo hanyar gida, har muka wuce Jere Oga yana kallon taga. Sai can ya ce gara da aka gano yanzu, zai je asibitin ido a Kaduna tun na daman na gani. Ya tambaye ni yara nawa ke shagona. Ya ce in na tafi in turo masa su ya ƙarasa koya musu, kuma duk wanda ya kama yana walda ba gilashi, korarsa zai yi.

Mun sauka Kaduna bayan azahar. Na ɗauko babur ɗin na kai Oga Mahuta da kaina. Matarsa, Maman Godiya, tana tsakar gida tana tankaɗe. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya, "Uwargida, an ɗauki Sani! Yaronmu zai tafi Kanada!"

Ta saki rariya ta rangaɗa guɗa, ta yi ta sa mini albarka. Sai ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, guɗar ta tsaya. Ta jawo masa kujera ta ce, "Zauna, Baban Godiya. Bari in kawo muku ruwa."

Na isa Makera kafin magariba. Takarduna suna ofishin biza yanzu, ina jira. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa mutanen Dei-Dei da suka sauke mu. Oga Bitrus kuwa, Allah Ya ba shi lafiyar idonsa, don ban san kalmar da zan gode masa da ita ba.