Damin Geron da Na Ƙi Karɓa

Edita, a shekarun da gyaɗa ke da daraja, ni matashi ne mai ji da kansa a wani ƙauye kusa da Toranke. Mahaifina ya rasu ya bar mini gona guda a bakin fadama, ni kuwa hankalina yana Kano, inda na samu aikin ɗinkin buhu wajen masu sayen gyaɗa. Da zan tafi sai na ba aminina aron gonar. Tare aka yi mana kaciya, shi ne kuma babban aboki ranar aurena.

A wajenmu aron gona yana da ƙa'ida. Duk kaka mai aro zai ɗauko damin gero a ka, da rana tsaka, ya ratsa gari ya kai gidan mai gona. Kuma ba ya dasa itace, mai wuri kaɗai ke dasawa. Kakar farko na zo gida daga Kano, ya kawo damin, kunya ta kama ni, na ce ya mayar, tsakanina da shi babu wannan. Kawuna ya yi ta faɗa, wai ba don gero ake karɓa ba, don mutane su gani ne. Na ce a raina tsofaffi dai akwai neman magana. Daga nan aminin nawa bai sake kawo dami ba. Bayan 'yan shekaru aminin nawa ya ce iyalinsa ba su da inuwar hutawa in ana noma, ko zan bari ya sa mangwaro. Ni da kaina na sayo dashen a Gaya, na ɗauro a bayan keke.

Ana nan sai gwamnatin soja ta ce ƙasa duk ta koma hannun hukuma a kowace jiha. Ma'aikata suka shigo ƙauyuka suna ware burtali da makiyaya da wuraren noma, kuma wanda suka tarar yana noma wuri shi suka sani. Na taho daga Kano hankalina kwance, tunda ai aminina zai faɗi gaskiya.

A ƙofar dagaci, gaban jama'a, aminin nawa ya ce kyauta na ba shi gonar tun tuni. Bai ko dube ni ba. Dagaci ya tambayi dattawa ko akwai wanda ya taɓa ganin dami ya shiga gidana. Babu wanda ya taɓa gani, kawuna kuwa ya riga ya rasu. Sai aka tambaye ni ko da sanina aka dasa mangwaron. Na ce ni ma na kawo dashen. Ina rufe baki na gane da hannuna na miƙa gonar ubana. Wallahi rashin gonar bai ƙona mini rai kamar yadda aminin nawa ya kama hannuna bayan an tashi ba, yana cewa in yi haƙuri, doka ce ta zo da haka.

Na yi shekaru ina zagin dokar, amma ba ita ta yi mini ƙarya ba. Yanzu mangwaron ya zama kurmi, ta gefensa nake bi in za ni kasuwar Ajingi, kuma ban taɓa sa ɗaya a bakina ba. Masu ba da aron gona, ku ji daga wanda ya gani: kada kunya ta sa ku kashe shaidarku. In an kawo dami ku karɓa, ko da a nan ƙofar gida za ku rabar da shi.