Sai Gada

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban tasi ne. Duk tasha ba mai kiransa da sunansa, Sai Gada ake ce masa, domin kafin ka ɗora ƙafa a motarsa zai gaya maka, "Sai gada fa, ba na tsallakawa."

Ba lalaci ba ne. Garinmu kogi ne ya raba shi, kowace gaɓa da hukumarta da harajinta. Motocin haya na nan kore ne, na can rawaya. Koriyar mota ta taka gadar da mutum a ciki, an kama ta. Kawu ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa kai kowa can ba.

Babban asibiti kuwa yana can. Matarsa, da muke kira Inna, ana yi mata wankin ƙoda duk mako. Yakan kai ta bakin gada ya sauke, ta dafa ƙarfe ta lallaɓa har ta tsallaka ta nemi rawaya. Ba dama ya ajiye motar ya raka ta, kafin ya juyo hukuma ta ja motar. Ba dama kuma ya ƙi fita aiki, maganin daga motar yake fitowa. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Ni a otal nake aiki, ina ɗan jin harshen baƙi. Wata baƙuwa daga ƙasar waje ta ce tana son mota zuwa tsallake, ni kuma aka ce in raka ta. Da na gaya wa Kawu, har da tafa hannu.

"'Yar nan, Allah ya kawo mana! Ranar asibitin Innarki ce. Wane ma'aikaci ne zai tsayar da motar da ta ɗauko baƙuwa? Yau likita zai san matar nan tana da miji."

Ya zo mana cikin babbar rigarsa mai guga, Inna a baya da matashi. Muna tafe baƙuwar ta tambayi dalilin da duk motocin suke launi ɗaya. Ai kuwa ta taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi.

"Gaya mata," in ji Kawu, "a nan kullum ake biyan haraji, a can shekara-shekara. A nan mutum biyu a gaba, a can ɗaya. Can mai babur ba ya hawa babban titi, nan har cikin falonka zai shigo in ka bar ƙofa."

Na fassara, ta yi dariya. Ta ce to me ya hana shi biyan duka biyun?

"Na je! Suka ce sai na yi mata fenti rawaya. In na yi, na nan su kama. Tambaye ta, a ƙasarsu akwai mota mai canza riga a tsakiyar gada?"

Baƙuwar ta ce lallai abin da ban sha'awa. Ban fassara masa wannan ba, haushi ya hana ni.

A bakin gada ma'aikaci ya ɗaga hannu. Kawu ya sauke gilas ya nuna baya da haɓa.

"Yallaɓai, baƙuwa ce, daga nesa."

Mutumin ya leƙa, ya sara mata, ya yi mata sannu da zuwa da fara'arsa.

"Baƙuwa kam ta wuce, Baba. Mota ce ba ta wucewa."

"Yallaɓai, ga kuma iyalina, ba ta da lafiya."

"Allah ya ba ta sauƙi. Ka san dai dokar, kai ma kake koya wa yara."

Muka fito. Akwatin baƙuwar ya cinye mini hannu biyu. Inna ta kama ƙarfen gadar kamar kullum. Baƙuwar ta dube ta, ta dubi Kawu, dariyar nan duk ta gudu. Ba ta nemi fassara ba, ta saƙalo hannun Inna a nata, suka fara takawa a hankali.

Da muka ɗan yi nisa na waiga. Kawu yana tsaye da babbar rigarsa, hannu ɗaya a kan murfin motar, bai iya sakinsa ba. Motar hukuma mai jan motoci har ta fara matsowa. Inna ta tsaya ta huta, ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta.

"Malam, tafi mana, kada su ja ta! Zan gaya wa likita kana gaishe shi."