Ƙahon da aka yi wa sarkin fim a Gubaira

Aikin nan ya ba ni wuya, kuma ban ƙaru da komai a cikinsa ba. Na daɗe ina tuƙi a Riyad. Na ɗauki siminti, na ɗauki tumaki, na ɗauki 'ya'yan masu gida da ke shurin kujerata ta baya, amma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin tsohon nan ba.

Kafilina, Balaraben da iƙamata, wato takardar izinin zamana, ke hannunsa, shi ya ba da hayata har da mota ga wani kamfanin fim. Wasan tarihi suke ɗauka a bayan gari, inda suka gina fada da katako da soso a cikin rairayi. Wanda aka ce in riƙa kaiwa ina ɗaukowa wani tsoho ne ɗan ƙasar Sifaniya, dogo, da furfura har kafaɗa. Shi ne sarkin Nasara da za a ci da yaƙi. Mai kula da tufafin wasa ya gaya mini darakta bai taɓa kallon fim ɗinsa ko ɗaya ba. Hoton gashin ya gani ya ce a kawo shi.

A mota ba ya shiru. Da guntun Turancinsa da guntun nawa, saura da hannu, na san tarihinsa kaf ba don ina so ba. Wai yana saurayi ya fara, riƙe mashi kawai yake a bayan dandali, ba a ba shi ko kalma. Daga baya ya zama shi ne sarki a manyan gidajen wasa na Madrid, mutane na miƙewa suna tafa masa. Ya shiga fim, can kuma kullum shi ne mugun da ake kashewa. Sai ya miƙo mini waya ina tuƙi, in ga hotonsa a kan doki. Na tambaye shi yaushe rabonsa da aiki kafin wannan. Ya juya yana kallon titi.

Bayansa ne ya lalace. Babban wurin da aka ɗauko shi dominsa shi ne ya durƙusa gaban wanda ya ci shi da yaƙi, ya cire kambin sarauta, ya sunkuyar da kai, sannan ya miƙe ya tafi. Durƙuson yana yi. Miƙewar ce sai an kama shi ta hammata kamar buhun gero. Daraktan, wanda a haife tsohon ya haife shi, ya ce a gaban kowa:

"Yalla ya hajji, mu ba gidan gajiyayyu muka buɗe ba. Asabar in ba ka tashi da ƙafarka ba, halas."

Tsohon kuwa ya ƙi zuwa wurin likitan kamfani, don ya san likitan cewa zai yi a sallame shi. A hanya ya dafa kafaɗata yana roƙo, wai mu da muke ɗaukar kaya me muke yi wa bayanmu. Na ce ƙaho.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai shi unguwar Gubaira, ɗakin wani wanzami Badamagare a saman garejin masu walda. Ni Bakano ne, don haka tun daga ƙofa aka fara tsokanar da muka saba.

"Bawana, yau kuma Bature ka sato?"

"Sarkin aska, rufa mini asiri. Sarki na kawo maka, ka taɓa shi a hankali."

"Sarki da direba Bakano? Lallai sarautar ta mutu."

Ya kwantar da shi rubda ciki a tabarma, ya buɗe zabira, ya kafa ƙahoni a gadon bayansa. Ya tsaga, ya tsotsa, baƙin jini ya fito. Ana cikin haka masu walda suka yi ta ihu wai na tare musu ƙofa, na sauka na je neman inda zan ajiye mota.

Da na dawo, furfura na gani zube a tabarma. Wanzamin ya aske masa tsakar ka, faɗin tafin hannu, ya kafa ƙaho a wurin.

"Sarkin aska, me ka yi?"

"Aikina. Wa ya taɓa jan jinin baya ya bar na kai? Na nuna masa kansa, ya gyaɗa. Kai ne wanzamin ko ni?"

Tsohon ya tashi ya miƙe tsaf, ya sunkuya ya taɓa yatsun ƙafarsa, yana dariya. Sai da ya kai hannu kansa dariyar ta tsaya.

Ranar Asabar da hula ya zo. Ya hana kowa taɓa kansa, ya kwantar da sauran gashin a kan wurin, ya ɗora kambin da kansa. Aka ɗaga kyamara sama. Ya durƙusa, ya yi maganarsa da wata murya da ta sa har masu jan wayoyin lantarki suka tsaya. Ya cire kambin, ya sunkuya. Gashin ya zame gefe biyu. Ga fatar kai fara sol, da zoben ƙaho ja, da tsagar aska a jere.

Wanda ke wasan jarumin ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. Ni ma na yi, don abin da ban dariya. Darakta bai ce a tsaya ba. Ya bar shi a durƙushe, ya zo ya ɗauki wurin da wayarsa, ya kira mutane su zo su gani. Tsohon ya miƙe da kansa, ba wanda ya kama shi, ba kuma wanda ya lura.

Mai tufafi ya ce ai rawani ko gashin kanti zai rufe. Darakta ya ce in gashin kanti zai sa, akwai mai ƙaramin shekaru da zai sa wa. Tsohon ya nuna ni da yatsa yana zagi da yarensu, ya tofa yawu kusa da takalmina. Da yamma kafilina ya kira ya ƙara mini da nasa zagin, har da iyayena.

Washegari da safe na je masaukinsa, na loda akwatunansa. Ya zauna a baya da hularsa. A filin jirgi na sauke shi a ƙofar masu tafiya, na zagaya ƙofar masu sauka, na tsaya jiran wanda zai maye gurbinsa.