Gangaren Maman Kankare

A unguwar Zahir ta Makka, idan ka ce kana neman Maman, sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma ka ce Maman Kankare, ko akuya ta san ƙofarsa. Mutumin Ƙonni ne, magini, dogo mai faɗin tafin hannu. Ya shigo Makka a 1963 ta Cadi da Sudan, ya sauke farali, da abokan tafiya suka juya gida, shi sai ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Ba takarda, ba dangi. Malam Yunus, wani dattijo Bakano da ya shekara talatin a garin, shi ya ba shi ɗaki, duk wanda ya tambaya kuma sai ya ce, "Ƙanena ne." Wannan 'yar magana ta rufa masa asiri shekara uku.

Sai dai Maman yana da abin da ya binne a ciki. Kowa ya san ya yi sojan Faransa, tabon yaƙi yana nan a cinyarsa. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne inda ya koyi gini. Da aka sallame shi a can ƙasar Turawa, neman abinci ya kai shi wani gari a gindin duwatsu, inda Kiristoci 'yan Katolika ke zuwa ziyara daga ko'ina, ya shekara biyu yana kwaɓa kankare a ginin cocinsu. To a Makka wa zai buɗe baki ya faɗi haka? Yana tsoron ranar da Malam ya ji, ranar zai naɗe tabarmarsa.

A ƙarƙashin gidan Malam akwai ɗan masallaci da aka haƙa cikin ƙasa saboda zafi, matakala goma sha ɗaya ake sauka. A nan Malam ya yi limanci har 1966, shekarar da ɓarin jikinsa ya shanye. Sau ɗaya babban ɗansa Hassan, direban tasi, ya goya shi zuwa ƙasa, ƙafa ta goce, rawanin tsoho ya faɗi a gaban jama'a. Daga ranar Malam ya ce ba mai sake ɗaukarsa kamar buhun gero. Ya koma sallah shi kaɗai a ɗaki, yana jin "amin" ɗin mutane tana tasowa ta ƙarƙashin gadonsa. Maman ya sha iske shi yana share ido da gefen mayafi, abin yana ci masa rai.

Wata ranar Asabar da hantsi Hassan ya kawo keken guragu da dogon katako, ya ce za a shimfiɗa shi a kan matakala a gangara da tsoho.

Maman ya dubi katakon ya ce, "Wanga ba masallaci za shi kai Malam ba, asibiti za shi kai shi."

Ya tsuguna a gaban kujerar Malam ya zana a ƙasa da tsinke. A fasa bango ta bayan gida, a bi da hanya tana kewaya ginin a hankali, duk kamu ɗaya na zurfi a ba shi kamu goma sha biyu na tsawo. A tsakiya a bar wuri shimfiɗaɗɗe na hutawa, a baki a yi kwata don ruwan sama.

"Min fen?" in ji Hassan, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa. "A ina ka ga an yi haka, ya ammi? Ba za a fasa bangon abuya, mahaifina, a kan mafarki ba."

Malam ya zuba wa Maman ido. Maman ya ga hanya biyu ce: ya yi shiru tsoho ya ƙare kwanansa a ɗaki, ko ya faɗa a kore shi. Ya ajiye tsinken.

"Allah gafarta Malam, na ɓoye maka magana. Coci na gina, can Faransa. Cikin ƙasa munka haƙa ta, kusa da gulbi, ruwa na ɓulɓulowa muna kwashewa. In kana bisa, ciyawa kaɗai kake gani. In ka shiga, kamar an kife babban jirgin ruwa bisa kanka, haƙarƙarin kankare na tasowa daga gefe su haɗe sama, ba ginshiƙi ko guda a tsakiya. Mutum dubu ashirin na shiga, kowa na hangen limaminsu, don tsakiyar ɗaki anka sa teburinshi. Kuma gangare ake sauka, Malam, saboda marasa lahiya. Na ga ranar da anka buɗe ta. Guragu da makahi da waɗanda ba su ko tashi, ana turo su cikin kekuna, ana waƙa da harshe iri-iri, kyandir ko'ina."

"A'uzubillahi," in ji Hassan.

Malam ya ɗaga masa hannun da ke motsi. Ya juya ga Maman. Harshensa ya yi nauyi, amma ana jinsa. "Kai a ina kake sallah?"

"Bayan buhunan siminti. Akwai wani tsohon fadan coci, shi ke hana ma'aikata gittawa gabana."

"Marasa lafiyan fa, a ina ake ajiye su?"

"Gaba, Malam. Sahun gaba nasu ne."

Malam ya daɗe yana kallon zanen nan na ƙasa. Maman kuwa har ya fara tunanin inda zai kai akwatinsa.

"Mutanen da suka tuna da gurgu tun kafin su sa diga," in ji Malam, "ni da na haƙa wannan ban tuna ba, don lokacin ina da ƙafa. Hassan, nemo masa siminti."

Mako shida Maman ya yi yana aikin. Bakin mutane kuwa ba ya azumi, har wasu suka sa wa wurin suna gangaren Nasara. Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Da kankaren ya fara kamawa ya bi shi da tsintsiya ya yi masa kaushi don kada taya ta zame, yadda aka koya masa.

Ranar da aka gama, da magariba, Malam ya naɗa rawaninsa da taimakon Hassan, ya hau keke. Maman ya riƙe bayan keken da yatsu uku kacal, tayoyi suna tafiya da kansu, har sahun gaba. Da liman ya kai ƙarshen Fatiha, muryar tsoho ta fito cikin ta jama'a, a karkace amma da ƙarfi. Maman, ƙaton soja, ya kasa riƙe hawaye. Abin da ya shekara uku yana jin kunyarsa, shi Allah ya sa ya rama alheri da shi, ya yi ta godiya a sujada har na kusa da shi suka riga shi ɗagowa.

Ba a yi wata ba masu cewa gangaren Nasara suka daina bin matakala suka koma gangaren, wai ciwon gwiwa. Wani baƙon alhaji da ya zo sallah a wurin ya shafa bangon, ya tambayi Malam wane gwani ne ya yi wannan aiki, kuma a ina ya koyo.

Malam ya nuna Maman da haɓa. "A nesa ya koyo," ya ce. "Ƙanena ne."