Ragar Wilin Baba Kyari

Rumfar Baba Kyari tana manne da shagona na ɗinki a Akurba, don haka babu wanda ya kai ni shan ƙarar gudumarsa. Maƙerin gwangwani ne. Mazurari da ludayin awon mai su ke ciyar da shi, amma zuciyarsa tana kan ƙananan jiragen ruwan da yake ƙerawa da gwangwanin madara, irin na da masu hayaƙi, waɗanda ƙaton wili mai fukafukan katako ke turawa ta baya. Komai yana sa musu, har tulin itacen da ake hura wa injin wuta. Sai dai kowane jirgi sai ya rufe wilinsa da ragar waya. Masu saye su yi ta ƙorafi wai ragar ta ɓoye abin kallo, shi kuwa ya ce wanda bai so ya ajiye masa kayansa.

Ga mai ƙera jirgi, amma ko kwalbati ce mai ruwa sai ya kau da kai kafin ya tsallaka. Na sha tsokanarsa a kan haka, har ran da ya gaya mini dalili.

Yana ƙarami suka hau irin jirgin nan shi da mahaifiyarsa Falmata, daga Loko za su Ibi. Talakawa a ƙasa suke zama, can baya kusa da wili. Da la'asar ta yi, mata suka riƙa zura buta da igiya suna ɗebo ruwan alwala. Ita ba ta da igiya, sai ta ɗaura butar a bakin mayafinta, ɗaya bakin yana naɗe a wuyanta. Ruwa ya ja butar zuwa wili, wili ya naɗe mayafin.

"Ina riƙe da zanenta, Mardiya," ya ce mini. "Wallahi ban san lokacin da ya fita daga hannuna ba."

Ba a ga gawarta ba. Iyalinsa kuwa abin da suka sani kawai shi ne ta rasu a hanya.

Bara wani ɗan kasuwa, Tavershima, ya sayi jirgi ɗaya a wurinsa, ya kai wa masu walda suka ƙera masa babba mai injin gas, yana ɗaukar mutane yawon shaƙatawa a Binuwai, can Tunga gaba da Awe. Ana cikin haka bikin Zaituna ya taso, jikar Baba Kyari, ma'aikaciyar jinya, wadda a hannunsa ta tashi. Ita da ƙawayenta suka ce a jirgin za su ɗauki hotunan biki. Ni na ɗinka musu mayafan, irin na yayi masu jan ƙasa.

Ana gobe tafiya ta zo rumfa ta nuna masa jirgin a wayarta, tana murna an kwaikwayi aikin kakanta. Ina kallo fuskarsa ta canja. Wilin tsirara yake, babu ko silin waya.

"Amaryata, kada ki shiga," ya ce.

"Kai tsohon miji, kishi ne ke damunka don na yi sabon ango," ta ce tana dariya, ta wuce abinta.

Haushi ya kama ni, na ce ya buɗe baki ya faɗa mata gaskiya mana. Sai ya ɗauki gudumarsa ya koma kan aikinsa. Washegari da hantsi, su Zaituna sun riga sun tafi, sai ga shi a ƙofar shagona da sandarsa. "Rufe shagon nan, ki raka ni."

Duk tsawon hanyar Awe carbi kawai yake ja. Da muka hango ruwa ya kama hannun rigata. Damina ce, kogin ya cika ya yi jajir, ɗaya gaɓar da ƙyar ake ganinta.

'Yan matan sun riga sun shiga. Tavershima ya taho da fara'arsa, Baba Kyari ya tambaye shi ina raga.

"Baba, wannan raga yana ɓata foto. Ga ƙarfe mun sa a gefe, ga layif jaket na hana nitsewa. No wahala."

Baba Kyari ya roƙi Zaituna ta sauko. Ta ce haba Kaka, a gaban ƙawayenta? Injin ya tashi. Sai tsohon nan ya miƙa mini sandarsa, ya taka katakon shiga, idonsa a rufe. Dole na bi shi. Ya lallaba har baya, ya zauna daɓas tsakanin 'yan matan da wilin, ya ba shi baya.

Wili ya fara dukan ruwa, feshi na jiƙa masa riga. Kowane bugu sai kafaɗarsa ta zabura. Iska ta taso daga gaba tana kaɗa mayafai zuwa baya, daidai inda yake tsoro. Duk mayafin da ya zo kusa sai ya cafke bakinsa ya haɗa a hannu ɗaya. 'Yan matan suna ta dariya, wai Kaka ya zama mai riƙe wa amarya jela. Ni ban yi dariya ba, don ina ganin yadda haƙoransa ke haɗuwa.

Mai hoto ya ce amarya ta matsa baya ta leƙa ruwa. Zaituna ta dafa ƙarfe ta sunkuya, mayafinta ya tashi sama ya nufi wili. Baba Kyari ya damƙe shi da hannu biyu, ya kurma ihun da ya rufe ƙarar injin.

"Inna! Kada ki miƙa butar, Inna!"

Zaituna ta juyo ta dube shi, ta dube ni, dariyar ta ɓace daga fuskarta. Ta durƙusa a gabansa, ba ta sake tashi ba har muka dawo gaɓa.

Kowa ya sauka, shi ya kasa buɗe hannunsa. Na gwada ɓamɓare yatsun, sun ƙage. Sai Zaituna ta zare mayafin daga kanta ta bar masa, ta yafa ɗankwalina, ta riƙe shi suka taka katakon tare.

"Kin gani, Mardiya," ya ce da ƙafarsa ta taɓa ƙasa. "Wannan karon ban saki ba."