Turancin Alhaji

Ni ban roƙi kowa ya kai ni koyon Turanci ba, wannan nake so a fara sani. Ina zaune lafiya a ɗakina a Fagge, ina ɗinkin hulata, takardar gama firamare tana can ƙasan akwati, na riga na haƙura da boko tun ranar da aka kawo ni gidan. Maigidana ne da bakinsa ya tono maganar.

Zamanin kuɗin mai ne. Ma'aikata sun sha ƙarin albashi, duk wanda ka gani ko ya sayi babur ko ya rataya rediyo mai kaset, atamfa kuwa kamar a kyauta ake rabawa. Alhaji dillali ne a Kantin Kwari, ya karɓi kaya a hannun manya ya sayar ya ci la'ada. Babban burinsa ya riƙa ɗaukar kaya kai tsaye daga kamfanonin saƙa na Bompai. To manajojin can Indiyawa ne da Turawa, shi kuma duk Turancin da ya mallaka bai wuce gyaɗa kai ba. Ya taɓa zuwa da tafinta, tafintan ya zagaye ya kai wa ɗan'uwansa cinikin. Na san duk wannan, yana ba ni labari yana huci. Amma ban haɗa shi da abin da ya biyo baya ba.

Wata rana da safe yana shan koko ya ce, "Na ji a rediyo gwamnati za ta sa kowane yaro a makaranta. Malamai ake nema ido rufe, har da matan aure. Ke da kika yi firamare, me zai hana? Je ki goge Turancinki. In lokaci ya yi, ni da kaina zan kai ki kwalejin horon malamai."

Saura kaɗan ludayin ya faɗi daga hannuna. Tun ina yarinya ba ni da burin da ya wuce in tsaya gaban allo da alli a hannu. Yaran unguwarmu sun sha wuya a hannuna, in jera su a zaure in ɗauko gawayi in yi ta rubutu a bango har a kore mu. Na durƙusa na yi masa godiya har da hawaye, wallahi.

Maƙwabciyarmu ce ta san inda za a je. Bayarabiya ce Musulma, haifaffiyar Fagge, in tana zagi da Hausa sai ka nemi wurin ɓuya. Tana da ɗan shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, ita ma tana son Turancin saboda masu kawo mata kaya. Bayan azahar mu yafa mayafi mu taka zuwa Sabon Gari, kafin magariba mun dawo.

Malamar wata dattijuwa ce mutuniyar kudancin Zariya, Kirista, ta yi ritaya daga koyarwa, mijinta ya rasu. A barandar gidanta take jera mu a kan benci, mu 'yan kaɗan, duk mata. Tana da wani tsari da ban taɓa gani a firamare ba. Ba ta cika mana kai da kalmomi. Guda ɗaya za ta ɗauko, mu yi ta juya ta har sai ta ga ba sauran abin tatsa. Kalmar get kaɗai ta cinye mana damina guda.

"Wannan kalma 'yar aikin gida ce," in ji ta. "Ba aikin da ba a sa ta. Wadda ta riƙe ta ba za ta kwana da yunwa a Turanci ba."

Ta fara da samu. Ta miƙa wa maƙwabciyata lemo ta ce ta faɗa mana me ta samu. Da muka saba, sai ta aike ni ɗakin girki in ɗauko mata kofi, da kalmar nan dai. Mako na gaba ta zama saye, wai mutum ya je kasuwa ya sayo gishiri, ita ce. Isa wuri, ita ce. Mutum ya gaji, ya tsufa, ya ji yunwa, ya yi aure, ita ce. Ka gane magana, ita ce. Sai ta maƙala mata wata 'yar kalma a gindi, ta koma tashi daga barci, ta koma shiga mota, ta koma fita. Rannan maƙwabciyata ta dafa kai ta ce, "Malama, don Allah Turawan nan talauci ne ya hana su sayen wata kalmar?" Malama ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta goge ido.

Ba ta yarda da hadda. Sai kin kawo misali daga gidanku, daga abin da ya same ki jiya. In kin yi kuskure ba ta ce miki komai, sai ta ɗaga gira ɗaya ta yi shiru har ki gyara da kanki. Ni ce na fi kowa kamawa, ba yabon kai ba. Ta kan ce, "'Yata, ke malama ce tun daga haihuwa, takarda kawai ta rage miki."

A gida kuwa, kullum da safe Alhaji sai ya ce, "Jiya me aka koya muku?" Da fari na ɗauka kulawa ce irin ta miji, har ina jin kaina yana fashewa. Sai ya fara cewa in maimaita. Sai ya fara tura ƙofa ya sa sakata kafin in fara. Kafin in ankara, ga babban mutum da gemunsa zaune a bakin gado, ni ina tsaye, yana bin bakina kamar ɗan aji ɗaya. Harshensa ya yi tauri, sai ya kama kalma ya murɗe mata wuya. Ni ma na koyi ɗaga girar nan. In na ɗaga masa sai ya ce, "Ke, ki kiyaye ni fa," mu fashe da dariya.

Har saƙo yake ba ni. "Ki tambayi Malamarku, in mutum zai ce yaushe kayana za su iso, yaya ake cewa?" In je in tambaya kamar ni ke so, in dawo masa da when will I get my goods. Ya yi ta nanatawa yana ɗaura agogo. Gobe kuma, yaya ake cewa na sami saƙonka, yaya ake cewa ban gane ba a sake faɗa. Na taɓa ce masa, "Alhaji, ai tana koyar da maza ran Asabar. Ka je mana da kanka."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni? Da girmana in je Sabon Gari in zauna a benci gaban mace? 'Yan Kwari su ji, gobe in shiga kasuwa ana nuna ni da baki? Ƙafata ba za ta taka gidan nan ba har abada." Ya kuma sa na rantse ba wanda zai ji cewa ni nake koya masa, ko uwata.

Na riƙe masa. Kuma ba zan yi ƙarya ba, a duk zaman aurenmu ban taɓa jin daɗi kamar na waɗannan watannin ba. Gani nake mu biyu ne muke hawa tare, shi ya nufi Bompai ni na nufi kwaleji.

Shi dai ya isa. Ya je shi kaɗai, ba tafinta, ya dawo yana ba ni labarin yadda manajan ya miƙo masa hannu. Aka fara ba shi kaya. Kafin shekara ta zagayo ya sayi mota, ya sayi gida a Rijiyar Lemo. Maƙwabciyata kuma shagonta ya bunƙasa ta daina zuwa darasi, sai ni kaɗai nake takawa daga unguwarmu. A lokacin ne Malama ta ce mini za a yi intabiyun shiga kwaleji bayan Babbar Sallah, shugabar kwalejin tsohuwar ɗalibarta ce, ta riga ta yi mata maganata, ita za ta raka ni da kanta. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Alhaji ya ce madalla. Har ɗinki na bayar na kayan da zan sa.

Sai lokacin tashi zuwa sabon gida ya zo. Ya ce in ɗan dakata da zuwa darasi har mu gama kwashe kaya mu zauna, na ga gaskiyarsa. Muna cikin jera kwanuka a sabon gida ya shigo da rana, fuska a ɗaure, ya ce, "Malamarku ta aiko mini saƙo a Kwari. Wai bana ba za a ɗauki matan aure ba, sai dai wata shekara. Ita ma ta tafi garinsu jinya, ba ranar dawowa."

Na zauna a tsakiyar kwanukan na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Ya dafa ni yana cewa in yi haƙuri, komai da lokacinsa. Washegari ya sayo mini keken ɗinki sabo fil. Na yi ta sa masa albarka, ina cewa wace mace ta yi dacen miji irina.

An daɗe, har an buɗe makarantu, ina ganin yara suna wucewa ta ƙofar gida da jakunkuna. Rannan na nemi izini na shiga kasuwar Sabon Gari sayen labule. A layin masu yadi na hango ta, da tabaranta da lemarta. Na ruga na durƙusa.

"Malama! Ashe kin dawo? Yaya mai jiki?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ba fara'a. "Wane mai jiki? Ina na je?"

"An ce kin tafi gida jinya."

"Ban je ko'ina ba. Ina nan a barandata." Ta gyara riƙon lemarta. "'Yata, in kin fasa ai sai ki zo ki faɗa mini da bakinki. Na zubar da girmana na roƙa miki gurbi, sai ki turo mijinki?"

Na ji kasuwar ta yi shiru, alhali ana ta ciniki. Na ce, "Mijina ya zo gidanki?"

"Ya zo da motarsa, ya zauna a bencin da kike zama. Ya ce kin ce ba kya so, zaman gida ya fi miki, kunya ce ta hana ki zuwa. Na ce a bar ni in gan ki, ya ce kun tashi, kuma ba kya son a dame ki. Gurbin sai na ba wata yarinya." Sai ta ƙara da cewa, "Da Turanci ya yi mini bayanin, tun daga gaisuwa har sallama. Ina yi masa Hausa yana mayar mini da Turanci. Na tambaye shi inda ya koya, ya ce a rediyo."

Rantsuwar da na yi masa tana wuyana. Amma ta ga fuskata. Ta daɗe tana kallona, na ga lokacin da ta gane, bakinta ya ɗan buɗe. Ta sa hannu ta ɗaga ni daga durƙuson ta ce, "Wayyo 'yata." Ta ce za ta sake gwadawa wata shekara in zai bari. Ni da ita duk mun san amsar.

Ban sayi labulen ba. Na koma gida na zauna da mayafina a jiki har ya dawo bayan la'asar. Ban kawo masa ruwa ba, ban yi masa sannu da zuwa ba. Na ce, "Na ga Malama."

Na zaci zai rikice, ko ya yi musu, ko ya yi faɗa. Da ya yi ɗaya daga ciki da na ji sauƙi. Zama ya yi ya cire hula ya ajiye a gwiwa, hankali kwance.

"To, sai me?"

"Ka ce ƙafarka ba za ta taka gidan ba har abada."

"Dole ce ta kai ni."

"Ka ce da kanka za ka kai ni kwaleji. Da bakinka ka faɗa, Alhaji, ban roƙe ka ba!"

"A lokacin ke nan. Yanzu dubi inda Allah ya kai ni. Matata ta riƙa fita kullum tana koyar da 'ya'yan mutane don albashi? A ce na gaza?" Ya dube ni da mamaki na gaske, kamar ni ce ba ni da hankali. "Me kika rasa a gidan nan? Abin da aka aike ki ki ɗauko ai kin ɗauko."

Na tsaya ina kallonsa. Duk tafiyar nan cikin rana da ruwan sama, ina murna ina gina kaina, ashe 'yar aike ce ni. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba, kuma wanda ya ci ɗin yana zaune yana jiran abinci.

Na zauna da shi har Allah ya karɓi ransa, na haifa masa 'ya'ya, na yafe masa abubuwa da yawa. Ban taɓa tsayawa gaban allo ba. Bayan 'yan kwanaki da maganar ya shigo da safe, ya tura ƙofa kamar ba abin da ya faru, ya ce wani Bature zai zo daga Legas, yaya ake ce wa mutum ya sauka lafiya. Amsar tana kan harshena. Na ci gaba da taka kekena na ce masa na manta.