Tsufan Aro

Shekara talatin da shida na yi ina tsufar da mace ɗaya. Ni ce mai kwalliya a gidan talabijin ɗinmu, ko da yake abin da nake yi wa Yaya ba mai kiransa kwalliya. Sauran mata sukan zauna a kujerata su tashi sun yi kyau, ita kuwa ta zauna da ƙuruciyarta ta tashi tana kakar wani.

Duk wanda ya taɓa kunna talabijin ranar Laraba da yamma ya san Kaka Sababi. Tsohuwa ce ranƙwafaffiya mai sanda da baƙin haƙori ɗaya, kullum tana nishi tana cewa yau dai kwananta ya ƙare. Amma da ta ji ana gulma a ɗakin surukarta sai ta yar da sandar, ta tsallake benci kamar akuya, ta manna kunne a ƙofa. Wannan tsallen shi ne wasan. Mutane sun gan shi sau ɗari, kuma sau ɗari sun yi dariya.

Ba tsohuwa Yaya ta zo nema ba. Tana da shekara ashirin da shida ta zo gwaji, doguwa, mai dogon wuya, tana so a ba ta matsayin ma'aikaciyar jinya a wani sabon wasa. Ana cikin jira sai daraktan wancan lokaci ya ce wata ta taimaka ta karanta layin tsohuwa, don wadda aka ɗauka ba ta zo ba. Yaya ta karɓi takarda, ta kwaikwayi muryar matar da suke haya a gidanta, ta lanƙwashe baya don tsokana. Mai kyamara ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Darakta ya ce ta riƙe musu na sati biyu kafin a sami tsohuwar gaske. Ni kuma, ina sabuwar ɗauka, aka miƙo mini jagira aka ce in san yadda zan yi da fuskarta.

Awa ɗaya cur aikin yake ci. Layi uku a goshi, biyu a gefen baki, ƙanana a gefen ido, inuwa a ƙarƙashin kumatu, farin fenti a gashin da ke leƙowa daga ɗankwali, sannan baƙin haƙori. Saboda awar nan ita take riga kowa zuwa. Ƙarfe shida tana ɗakina, ɗan ƙuƙut mai fanka ɗaya da madubi mai tsaga, alhali sauran sai bakwai suke shigowa suna hamma. Tun a watan farko ta juya wa madubin baya. Ta ce ba za ta zuba ido tana kallo ana ɓata ta ba, in yi abina in gaya mata in na gama. Ita ta laƙaba mini Mai Hoda, ni kuma nake ce mata Yaya, don ta girme ni da shekara shida.

Sunan da ta yi ba nata ba ne, kuma wannan ya ci mata rai fiye da yadda take nunawa. A shekarun farko takan shiga kasuwa ta fito ba wanda ya waiga. In ta ce wa mai tumatir ita ce Kaka Sababi sai ya ce shi ma shi ne darakta. Akwai shekarar da aka ba ta lambar yabo. Ta ɗinka leshi, ta zauna na yi mata kwalliya ta gaske, karo na farko da na yi mata aikin da na koya. Muka isa zauren taro, mai shirya taron ya dube ta sama da ƙasa ya ce jama'a Kaka suka zo gani. A banɗakin mata na goge kwalliyar na zana mata tamoji, tana tsaye tana riƙe mini jaka. Ta hau dandamali da sanda a kan leshinta, aka yi ta tafi.

Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai sanyin hali. Ɗalibansa suka sa masa Angon Kaka, sunan ya bi shi har ɗakin malamai. Ya yi shekara tara yana murmushin yaƙe, daga baya suka rabu ba tare da an ji kansu ba. Ɗa ɗaya suka haifa, yanzu direban babbar mota ne, sai ya yi wata uku bai leƙo ba. Sau da dama na sani ta roƙi a ba ta wani matsayi ko na fitowa ɗaya ne, ko malamar asibiti, ko uwar amarya. Daraktoci biyar suka shuɗe, amsarsu ɗaya: mutane ba za su yarda ba.

Kullum cikin ƙorafi take. Ta gaji da sanda, ta gaji da fitilun da ke gasa mutum, ta gaji da matattakalar benen da take haya a hawa na uku. In na ce, "To ki ajiye mana, Yaya, wa ya ɗaure ki?" sai ta yi tsaki ta ce in yi aikina. Abin yana ba ni haushi, ba na ɓoyewa. Sai da na girma na gane mutum yana iya gajiya da abu alhali ba shi da wani wurin tsayawa sai a kansa.

Wajen shekara goma da suka wuce mutane suka fara gane ta a titi ba fenti. Ta zo tana ba ni labari da murna, wai muryarta ce ta shiga kunnen jama'a. Na ce ƙwarai, muryar ce.

Sannan aka sayo sababbin kyamarori masu tona asiri. Mai kyamara ya ja ni gefe ya ce fentin da nake sa wa Kaka yana fitowa kamar taɓo, don yana taruwa a cikin layukan da suke nata na gaske. Ya ce in bar fuskar yadda Allah ya yi ta, ta isa. Na ce to. Washegari ta zo ƙarfe shida, ta cire tabarau, ta rufe ido, ta ɗago mini fuska. Na buɗe baki in gaya mata, na kasa. Ba wai ba ta san ta manyanta ba. Tana dai ɗauka tsakaninta da Kaka akwai sauran shekara ashirin, kuma da wannan tazarar take rayuwa. Sai na ɗauki burushi busasshe na bi goshinta, na juya jagira ta gindi na ja layukan da ba sa fitowa. Haƙorin kawai na baƙanta. Na cika awata daidai, kuma haka na ci gaba da yi har shekara huɗu.

Fuska ana iya yi mata dabara, gwiwa kuwa ba ta jin lallashi. Kafin a fara ɗauka nakan naɗe mata ita da bandeji a ƙarƙashin zani, ta haɗiye ƙwaya biyu ba ruwa don kada a gani. Sabon daraktanmu yaro ne da ya tashi yana kallonta, Kaka yake ce mata ko a waje, yana rusunawa in zai gaishe ta. Ladabinsa bai hana shi kallon agogo ba.

Ranar da abin ya fito fili, sau bakwai aka sake ɗaukar tsallen benci. Na farko ta ce takalmi ne. Na huɗu ta ce an canja bencin. Na bakwai ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi, ta tsaya dafe da bango tana numfashi.

"Bari tsallen, Kaka," in ji darakta. "Ki yi mana tafiyar nan taki ta tsofaffi kawai, daga ƙofa zuwa kujera."

Ta yi. Ya sosa ƙeya.

"Ba ita ba, Kaka. Ta da, mai ban dariya."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ji kamar in jefe shi da gwangwanin hoda. Tafiyar da ta yi tafiyar mai ciwon gwiwa ce, kuma wannan ba ta ba kowa dariya. Ranƙwafawar wasa sai mai lafiyayyen baya.

Da muka koma ɗaki ina kwance mata bandeji ta ce, "Mai Hoda, cire ni za su yi."

"Haba, Yaya, wa ya isa?"

"Bar ni da haba. Ban iya komai ba sai Kaka. Ɗan da na haifa ma Kaka yake ce mini a waya. In suka karɓe ta, ki gaya mini wa zai fito daga gidana da safe."

Sai na ce ta miƙe ƙafar in shafa mata magani.

Bayan sati biyu aka kawo wata yarinya. Shekararta ashirin da biyar, mai kunya, ƙafafunta kamar na barewa. Aka ce tsallen kawai za ta riƙa yi, ta baya za a ɗauke ta. Ba a rufa wata ba aka ce ai gara a ɗauke ta ta gefe ma. Daga nan darakta ya tare Yaya a baranda, ya durƙusa har ƙasa, ya yi dogon bayani a kan hutu da lafiya da yadda za ta zama mai ba da shawara. Ta saurare shi har ya gama ta ce, "Allah ya yi albarka." Ni kuma ya ce gobe in zaunar da su biyun kusa da juna, in kwafe fuskar Kaka layi bayan layi in ɗora wa yarinyar, don kada masu kallo su ga bambanci.

Ƙarfe shida suka zo, su biyu. Yarinyar ta tsuguna ta gaishe ta, ta ce, "Mama, ki yafe mini, ni ba ni na nema ba."

"Tashi, 'yata. Ni ma ba ni na nema ba." Ta zauna ta cire tabarau. "Mai Hoda, fara da ni, ta ga yadda ake yi. Sai ki kwafa."

Na ɗauki burushi na fara bin goshinta, yarinyar na gefe tana kallo. Ba ta daɗe ba ta lura burushin ba komai a jikinsa. Ta buɗe baki, na zare mata ido, ta rufe. Na yi awata, na juya kan yarinyar. Fatarta sumul, fenti na kwanciya kamar an kira shi. Ina duban fuskar Yaya ina zanawa, sai na ga akwai layukan da ban taɓa ƙirƙira ba: ɗaya mai zurfi tsakanin gira, wasu ƙanana a saman leɓe. Su ma na kwafe su. Yaya na zaune ido rufe tana koya mata murya, tana cewa daga maƙogwaro ake jawo ta, ba daga hanci ba, in ba haka ba kafin shekara ta dushe.

Aka zo aka kira yarinyar. Ta ɗauki sandar da ke jingine a bayan ƙofa, ta tsaya kamar mai neman izini. Yaya ta ce ta tafi, ana jiran ta. Ita kuwa Yaya ba ta bi su ba. Muna zaune, fanka na juyawa, sai muka ji ƙarar sanda ta faɗi, sannan dariyar ma'aikata ta ratso bango, irin wadda rabon da in ji tun kafin gwiwar ta fara.

"Ta tsallake," in ji Yaya. "To, goge mini Kaka daga fuskar nan. Yau dai ba sai na jira yamma ba."

Na jiƙa auduga da mai na bi goshi, na bi kumatu, na bi gefen baki. Zan dunƙule ta in jefa a kwando yadda na saba, sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"Kawo in gani. Shekara talatin da shida ban taɓa kallon fitarta ba."

Ta sa tabarau, ta buɗe audugar a tafin hannunta. Fara tas, sai ɗan maiƙo. Ta juya ta, ta duba bayanta. Sannan a hankali ta juya kujerar, abin da ba ta yi ba tun tana yarinya, ta fuskanci madubi. Ta kai yatsa tsakanin girarta ta murza, ta duba yatsan.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu, Yaya."

Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ta daɗe tana kallon matar da ke cikin madubin, ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Awa guda kullum," ta ce. "Shekara huɗu ina saukowa daga benen nan da asuba da wannan ƙafar. Da kin faɗa mini, Mai Hoda, ai da na ƙara barci."

Ta dafa hannun kujera za ta tashi, gwiwar ta ƙi. Ta miƙo mini hannu ba tare da ta dube ni ba, na kama ta, muka fita a hankali ta ƙofar baya don kada mu ratsa gaban kyamara.